Yadda Ake Saita Wayar Birkin Keke, Daga Hannu Har Zuwa Roba

Idan ka matse hannun birki ya tafi har ya taɓa sitiyari, keken kuma bai tsaya ba, abin da zuciya take fara raya maka shi ne waya ta saki, a ja ta. Sai a ɗauko filaya, a kwance noti, a fizgo wayar, a ɗaure. Kwana biyu birkin yana ci, rana ta uku ya koma gidan jiya, ko kuma roba ta dinga gugar rim kana taka feda kamar mai jan kaya. Na daɗe ina gyaran birkin kekena da na 'yan'uwa, kuma abin da na gane shi ne jan waya shi ne aiki na ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai wasu 'yan ƙananan kaya da za a bi ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ba su kai girman farce ba, amma su ne suke shanye ƙarfin hannunka tun bai isa ga taya ba.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Wayar birki abu biyu ce. Akwai ta ciki, siririyar igiyar ƙarfe da aka tuƙa daga sili masu yawa. Akwai kuma rigarta, baƙin bututun nan da take bi ta cikinsa. Ana kiran wannan tsari da sunan Bowden, mutumin da ya yi rajistarsa a Ingila a 1896, kuma har yau aikinsa bai canza ba: idan ka matse hannu, waya tana ja, riga tana tokarewa. Da ƙarfin da waya ta ja, da shi riga take turawa. Saboda haka duk inda riga ta samu wurin motsi, ko bakinta bai zauna daram ba, ko ta tsage, tafiyar da hannunka ya yi a nan za ta ƙare.

Kaurin wayar birki milimita 1.5 ko 1.6 ne, rigarta kuma milimita 5. Wayar giya ta fi siranta, 1.1 ko 1.2. Kada a musanya su, musamman riga. Rigar birki ƙarfenta a naɗe yake kamar sifirin, shi ya sa take jure matsa mai ƙarfi. Rigar giya ƙarfenta a miƙe yake, sili-sili, roba kawai ke riƙe da shi. Idan aka sa ta a birki tana iya fashewa a daidai lokacin da ka matse da iyakar ƙarfinka, wato lokacin da ka fi buƙatarta.

Kan waya ma iri biyu ne. Keke mai miƙaƙƙen sitiyari yana amfani da kai mai kamar 'yar ganga a kwance. Keken tsere mai lanƙwasasshen sitiyari nasa kan dogo ne mai ɗan wuya. Ana sayar da wata waya mai kai biyu, ka yanke wanda ba naka ba. Idan da hali ɗauki wadda ba ta tsatsa. Ta fi santsi, ta fi daɗewa.

Kayan aiki ba su da yawa: alanki, wato lanƙwasasshen makullin nan mai kusurwa shida, mai lamba 5, sifana 9 ko 10 idan keken tsoho ne mai noti, ƙaramin sukudireba, filaya, magagari, basilla ko wani tsinken ƙarfe, tsumma, da ɗan mai marar kauri. Abu ɗaya da ba na yarda a yi masa dabara shi ne abin yanka waya. Filaya ta gama-gari murƙushe waya take yi, bakin ya watse, ka rasa yadda za ka zura ta. Abin yankan waya na ainihi bakinsa a lanƙwashe yake, yana rungumar wayar ya datse ta lokaci guda.

Taya tukuna

Kafin ka taɓa birki, tabbatar taya ta zauna sosai a mazauninta. Tsayar da keken a ƙasa, sassauta abin da ya ɗaure tayar, bar nauyin keken ya danna ta, sannan ka ɗaure. Ɗaga ta ka juya, ka sa ido a tsakanin rim da roba. Idan rim yana lilo, yana matsowa yana ja da baya, ba wani saitin waya da zai ba ka birki mai kyau, sai an miƙe rim ɗin. Haka nan girgiza tayar gefe da gefe. Idan tana kaɗawa, boris ne ya saki.

Bi wayar da ido da yatsa

Matse hannun birki ka leƙa cikin ramin da ya buɗe. A nan kan waya yake zaune, kuma a nan waya ta fi yawan tsinkewa, domin duk matsawa ɗaya tana ɗan lanƙwasa ta a wurin. Idan ka ga sili ko ɗaya ya tashi tsaye kamar gashi, wayar ta gama aiki. Duba kuma gindin notin da ya damƙe ta a ɗaya ƙarshen. Ka yi hattara da yatsanka, silin nan kamar allura suke shiga.

Sai gwajin santsi. Kwance wayar daga birki, riƙe bakinta da hannu ɗaya, ka dinga matsa hannun birki da ɗayan. Ya kamata ta tafi ta dawo sumul. Idan kana jin tana gurza, ko tana tafiya tana cijewa, tsatsa ce ko ƙasa a cikin riga, ko kuma rigar ta karye a wani wuri. Galibi birkin baya ne ke fama da wannan, saboda wayarsa ta fi tsawo, kuma ruwa yana samun wurin kwanciya a lanƙwasarta ta ƙarshe. Mutane da yawa idan birki ya ƙi komawa sai su ƙara wa sifirin da ke mayar da shi ƙarfi. Hakan ɓoye ciwon yake yi, hannunka kuma ya biya kuɗin. Idan waya ta lalace, ni ina canza ta tare da rigarta, domin sabuwar waya a tsohuwar riga ba ta jimawa take ɗaukar halin ta da.

Riga da hularta

A nan nake so ka fi daɗewa. Kowane bakin riga yana da 'yar hular ƙarfe da ake sa masa kafin ya shiga mazauninsa, a hannun birki, a jikin firam, ko a birkin kansa. Aikinta ta tattare bakin, ta ba shi shimfiɗaɗɗen wurin tokarewa. Ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ake raina ta.

Akwai ranar da nake saukowa wata doguwar gangara da kaya a bayan keke. Na matse birkin baya, na ji wani ɗan sauti, ƙas, sai hannun ya tafi har jikin sitiyari ba tare da wata turjiya ba. Birkin gaba ne ya tsayar da ni, da ƙyar. Da na duƙa na duba, wayar lafiyarta ƙalau, noti ma bai saki ba. Wanda ya sa mini rigar bai sa mata hula ba. A hankali naɗaɗɗen ƙarfen ya dinga warwarewa, har ranar ya zurma cikin ramin mazaunin, robar waje ta tattare kamar hannun riga. Tun daga ranar ba na barin bakin riga tsirara, sai a wurin da aka ƙera mazaunin daidai kaurin riga, inda hula ba ta shiga ma, kamar yadda ake samu a wasu birkunan keken tsere. Idan hula ta shiga, a sa ta. Ta ƙarfe ta fi ta roba a birki.

Wajen auna tsawon sabuwar riga, idan tsohuwar ta zauna daidai, kwatanta da ita. Idan ba haka ba, riƙe rigar a inda za ta bi, ka juya sitiyari iyakar hagu da iyakar dama. Idan ta yi gajarta, juya kai kawai zai kama maka birki, ko ya fizge rigar daga mazauninta. Idan ta yi tsawo, ta yi ta kewaye-kewaye, kowace lanƙwasa ƙarin gurza ce. Abin da ake nema shi ne lanƙwasa mai faɗi, rigar ta shiga mazauni a miƙe.

Bayan ka yanka, kalli bakin. Kusan kullum za ka ga ƙarfen ya bar ɗan ƙaho, ko ya rufe rabin ramin. Goge shi da magagari har bakin ya zama shafal, sannan ka sa basilla ka buɗe farar robar da ke ciki. Baki mai karkata yana zama kamar kujera mai gajeriyar ƙafa: duk matsawa sai ya ɗan kwanta kafin ya tokare, kai kuma ka ji hannun birki yana laushi kamar soso. Wata dabara ita ce ka zura guntun tsohuwar waya a ciki kafin ka yanka, don kada ramin ya murƙushe.

Shafa wa waya ɗan mai da tsumma kafin ka zura, ba mai yawa ba. Tsohuwar riga marar farar roba a ciki ta fi son giris. Waya mai rufin santsi tun daga kamfani ba ta buƙatar komai. Idan akwai inda waya take tafiya tsirara a jikin firam, kada ka manta da 'yan zobban robar da ke hana ta kaɗawa tana cin fenti. Tun kafin ka zura ta a riga ta gaba ake sa su.

Robar birki

Roba ita ke faɗa wa waya inda za ta tsaya, don haka ita ake fara saitawa. Idan tsagogin jikinta sun shafe, a canza. Idan da sauranta, ciccire 'yan ɓarɓashin ƙarfe da tsakuwa da suka nutse a ciki, su ne ke cin rim. Tura ƙarfen da ke riƙe da roba da hannunka har roba ta taɓa rim. Ta kwanta duka a kan rim, samanta ya yi ƙasa da bakin rim da kamar milimita 1. Idan ta hau sama za ta yanka gefen taya. Idan ta zazzago ƙasa za ta yi leɓe, leɓen ya dinga maƙalewa a ƙarƙashin rim.

Birki mai kuka yawanci yana yin shiru idan gaban roba ya riga bayanta taɓa rim da ɗan kaɗan. Ninka guntun kwali ka sa a ƙarshen roba na baya, matse birkin, ka ɗaure notin a haka. Wasa-wasan nan, wato 'yan zobban ƙarfe, masu kumburi da masu rami da ke jikin ƙusar roba su ne ke ba ta damar karkata. Idan ka kwance su, jera su a tsumma yadda suka fito, don su koma yadda suke.

Yanzu a zo ga waya

Ajasta shi ne sukurun nan mai rami da riga take shiga cikinsa, ko a bakin hannun birki ko a jikin birkin. Idan ka warware shi waje, tamkar ka ƙara wa riga tsawo ne, sai waya ta ɗame, roba ta matso kusa da rim. Idan ka mayar da shi ciki, waya ta saki. Na ƙaramin gyara ne, ba a ɗora masa aikin da noti ya kamata ya yi.

A hannun birkin miƙaƙƙen sitiyari, ajasta da zoben da ke kulle shi suna da tsaga. Jera tsagoginsu da ta jikin hannun, sa kan waya a raminsa, kwantar da wayar ta cikin tsagar. Da ta shiga, juya ajasta don tsagogin su saɓa. Barin su a jere ƙofa ce a buɗe.

Mayar da ajasta ciki gaba ɗaya, sannan ka warware shi zagaye biyu. Idan birkinka mai siffar V ne, wanda kamfanin Shimano ya fito da shi a 1996, wayar za ta bi ta lanƙwasasshen bututun ƙarfe, bututun ya zauna a 'yar maƙalarsa, sai robar nan mai ƙugu-ƙugu da ke tare ƙura, sannan noti. Duba da kyau bakin bututun ya faɗa cikin maƙalar har ƙarshe, domin yana iya ratayewa rabi ya yi kamar ya shiga. Idan kalifa ne, wato birkin nan mai rungumar taya daga sama irin na keken tsere, akwai ɗan maɓalli a gefe da ake ɗagawa idan za a cire taya. Rufe shi kafin ka saita, in ba haka ba duk aikinka a kan buɗaɗɗen birki ka yi shi.

Kalli ƙarƙashin notin damƙe waya. Za ka ga ɗan kwari da aka tsaga a jikin ƙarfen ko a jikin wasa. Ta nan waya za ta bi, ba ta ɗaya gefen ƙusar ba. A wasu tsofaffin birkuna ƙusar ce da kanta take da rami, waya ta ratsa ta.

Da hannu ɗaya haɗe robobin biyu a jikin rim. Da ɗayan ja wayar har ta miƙe, ba da ƙarfin tsiya ba, ka ɗaure notin. Sannan ka mayar da zagaye biyun nan na ajasta ciki kaɗan-kaɗan, kana juya taya, har robobin su rabu da rim. A birkin V tazarar kamar milimita 1 ce a kowane gefe, a kalifa kuma 1.5 zuwa 2.

Ƙarfin ɗaurin da Shimano ke bayarwa ga wannan noti shi ne mita-Nuton 6 zuwa 8 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. In ba ka da ma'auni, ɗaure har wayar ta ɗan baje a ƙarƙashinsa, ka tsaya. Wuce haka yana yanka sili, kuma ƙusa mai rami tana iya ɓallewa biyu.

Yanzu matse hannun birki da iyakar ƙarfinka sau goma. Za ka ga ya ɗan ƙara nisa. Ana cewa sabuwar waya ce ta miƙe, amma yawancin abin riga ce da hulunanta suke samun wurin zama. Gara su zauna yanzu a gabanka da su zauna a kan titi. Kafin matsawar nan nakan sa ɗigon alƙalami a jikin waya, dab da noti. Idan ɗigon ya gusa, waya tana zamewa, a sake ɗauri. Idan bai gusa ba amma hannu ya yi nisa, kwance noti ka ƙara jan waya kaɗan, kada ka cinye ajastanka tun ranar farko. Saiti mai kyau shi ne birki ya fara ci tun hannu bai kai rabin tafiyarsa ba, kuma duk ƙarfin da ka sa a samu wurin yatsa biyu tsakaninsa da sitiyari. Idan ya yi, murɗa zoben kulle ya manne da jikin hannun, shi ke hana ajasta warwarewa da girgizar hanya.

Wani abu da ke rikita mutane: hannun birkin V ya fi jan waya da yawa a kan hannun kalifa. Idan aka haɗa hannun keken tsere da birkin V, zai tafi har sitiyari ko roba ta dinga guga, babu tsakiya. Idan aka haɗa hannun V da kalifa, za ka ji shi da tauri kamar mai kyau, amma ba ya tsayar da keke yadda ya kamata. Wannan ba matsalar waya ba ce, kada ka wahalar da kanka da noti.

Idan gefe ɗaya yana guga

A gindin kowane hannu na birkin V akwai ƙaramin sukuru da ke tokare sifirin. Idan ka ɗaure shi ciki, robar wannan gefen za ta ja da baya daga rim. Yi rabin zagaye, matse birki sau biyu, ka duba. Ya fi kyau ka ɗan ƙara a gefen da ke guga, ka ɗan rage a ɗayan, maimakon ka nutsar da sukuru ɗaya har ƙarshe. Idan abin ya ƙi, duba ramukan nan uku da ke gindin sandar da hannun yake juyawa a kai. Bakin sifirin na hagu da na dama dole su shiga rami iri ɗaya, yawanci na tsakiya. A kalifa kuwa akwai ɗan sukuru a sama na daidaita tsakiya, ko kuma ka sassauta ƙusar da ta riƙe shi a firam, ka matse birki, ka sake ɗaurewa.

Yanke wutsiya

Bar santimita 4 ko 5 bayan noti, ka yanke. Sa mata 'yar hular alminiyon nan, ka matse da filaya sau biyu, ba da ƙarfin da zai datse ta ba. Ja ta da yatsa ka gani ko ta kama. Waya marar hula cikin 'yan kwanaki take watsewa ta zama tsintsiya, ta soki ƙafa, kuma ba ta sake zaruwa ta riga. Idan hula ta ƙare, ɗigon gam mai ƙarfi ko dalma zai riƙe bakin. Lanƙwasa wutsiyar ta koma bayan ƙarfen da ke riƙe da roba, kada ta taɓa taya.

Mai birkin faifai da ke aiki da waya, wato wanda ke matse faifan ƙarfe a tsakiyar taya maimakon rim, duk abin da aka faɗa kan riga da hula ya shafe shi, sai dai abu uku. Wutsiya kada ta wuce milimita 20, don kada ta faɗa cikin faifai. Mai ko kaɗan kada ya kusanci faifan. Sannan idan birki ya cinye, da sukurun matso da takalman da ke matse faifan ake gyarawa, musamman na ciki wanda ba ya motsi. Idan ka dinga jan waya kawai, hannun da ke jikin birkin zai kai ƙarshen tafiyarsa, wata rana ka matse ka ji tauri amma keke na tafiya.

Gwaji, da abin da zai biyo baya

Tura keken gaba ka kama birkin gaba: tayar baya ta ɗaga. Kama na baya: tayar ta tsaya cak ta ja ƙasa. Juya sitiyari hagu da dama ka ji ko roba na taɓawa. Idan ka canza wayoyin biyu, tabbatar kowace ta koma hannun da ka saba. A Ingila hannun dama ne na gaba, a Amurka da yawancin Turai hagu ne, kuma yatsunka abin da suka saba za su yi idan abu ya taso ba shiri. Sannan ka hau a wurin da babu motoci, a hankali tukuna.

Bayan mako guda ka sake dubawa, wataƙila ajasta zai nemi zagaye ɗaya. Daga nan duk sanda roba ta ɗan cinye, rabin zagaye ya isa. Idan ka ga zarensa ya fito da yawa, har ya fara rawa a raminsa, mayar da shi ciki ka ja waya daga noti, amma ka fara duban roba, mai yiwuwa ita ce ta ƙare. Ranar da ka sa sabuwar roba mai kauri, dole ka sassauta waya ta koma baya, wurin da noti ya baje a da zai dawo ɓangaren da ke ɗaukar ƙarfi. Kalli wurin da kyau a cikin haske, ka lanƙwasa shi kaɗan. Idan sili ɗaya ya tashi, sa sabuwar waya.